'Yan Amshi: Muryar Jama'a a Cikin Wasa da Waƙa

Duk wanda ya saba sauraron muhawarar 'yan siyasa a ƙasar Hausa ya san cewa idan aka so a ƙasƙantar da wata majalisa, ko a nuna cewa waɗansu mutane ba su da ra'ayin kansu sai abin da shugaba ya furta, ba a rasa kiran su 'yan amshin Shata. Saboda yawan maimaita wannan magana har ta kai mutane da dama sun ɗauka amshi aikin wanda ba ya da abin faɗa ne, alhali kuwa wanda ya zauna ya yi nazarin yadda al'ummai daban-daban suka shirya wasanninsu da waƙoƙinsu, tun daga Yunanawan da har zuwa makaɗan fadojin Gobir da Zamfara, zai tarar cewa wannan ƙungiya da ke tsaye a bayan jagora tana ɗauke da wani nauyi wanda shi jagoran, kome fasaharsa da balagarsa, ba ya iya ɗauka shi kaɗai.

Asalin wasan kwaikwayo irin wanda ake rubutawa, a hau dandamali a nuna, ana danganta shi ga birnin Atina na ƙasar Yunan, wato Girka, inda kowace shekara suke yin wani babban biki na abin bautarsu mai suna Diyonisus, domin su mutane ne na zamanin jahiliyya, suna da alloli barkatai. Abin lura a nan shi ne, 'yan amshi sun riga ɗan wasa zuwa. Da farko ƙungiya ce ta mutum 50 ke rera waƙa tana rawa a fili, kuma a zamanin da bikin ya bunƙasa kowace ɗaya daga cikin ƙabilu goma na birnin takan kawo ƙungiyar manya 50 da ta yara 50, wanda ke nufin mutum 1,000 ne ke koyon waƙa da taka rawa kowace shekara saboda wannan gasa kaɗai. Ruwayar da ta shahara ita ce, wajen shekara ta 534 kafin Miladiyya wani mai suna Tesbis ya ware kansa daga cikin ƙungiya, ya sa fuskar aro, ya shiga yi musu magana suna mayar masa. Daga wannan warewar mutum guda daga jama'a aka sami ɗan wasa na farko. Daga baya mawallafi Eskilus ya ƙara na biyu, takwaransa Sofokilis ya ƙara na uku, aka kuma tsayar da adadin 'yan amshi a kan 12, sannan 15 a wasannin baƙin ciki, 24 kuwa a na barkwanci.

Matsayin da Atinawa suka ba wannan ƙungiya ana gane shi daga yadda suka tsara ɗaukar nauyinta. Mawallafin da ke son a nuna wasansa yakan je wurin hakimin birni ya roƙi a ba shi 'yan amshi, in an ba shi to an yarda da wasansa ke nan, in an hana shi sai ya jira wata shekara. Hakimin kuma yakan zaɓi wani attajiri ya ɗora masa nauyin ciyar da su, da ɗinka musu tufafi, da biyan mai koya musu har tsawon watanni, a matsayin wani nau'i na haraji wanda masu dukiya ke alfahari da shi; har yau akwai wata 'yar hasumiya tsaye a Atina wadda wani attajiri mai suna Lisikiratis ya gina wajen shekara ta 334 kafin Miladiyya don tunawa da nasarar da ƙungiyarsa ta ci. Su kuma 'yan amshin 'yan gari ne, maza zalla ko da mata ake kwaikwayo, suna rera baitoci suna rawa bisa sautin wata sarewa mai baki biyu, ta yadda mai kallo yana iya hangen ɗansa ko maƙwabcinsa a cikinsu.

To, mene ne aikinsu a cikin wasan? Mafi tsufan wasan da ya iso gare mu cikakke shi ne wanda Eskilus ya rubuta a kan Farisawa, aka nuna shi a shekara ta 472 kafin Miladiyya, shekara takwas kacal bayan Yunanawa sun karya rundunar jiragen ruwan Sarkin Farisa a Salamis, kuma wanda ya ɗauki nauyin 'yan amshinsa wani saurayi ne mai suna Ferikilis, wanda daga baya ya zama jagoran birnin. Abin mamaki, mawallafin bai sa ƙungiyar ta fito a matsayin Atinawa masu murnar nasara ba. Ya mai da su dattawan fadar Farisa, waɗanda aka bari suna gadin gari, suna zulumin rashin labarin 'ya'yansu, har manzo ya iso da mummunan labari suka fashe da makoki. Ta haka mutanen da suka ci yaƙi suka zauna suna kallon 'yan garinsu suna kuka da bakin maƙiyi, kuma a ganina babu wani ɗan wasa guda da zai iya yin wannan, domin asarar da ta faɗa wa ƙasa baki ɗaya sai baki da yawa ke iya bayyana ta.

Aikinsu na asali, in an taƙaita, shi ne shaida. Sarakuna da jarumai su ne ke aikatawa, su yi kisa, su yi rantsuwa, su yi girman kai su halaka. 'Yan amshi kuwa, waɗanda galibi tsofaffi ne ko mata ko bayi, wato waɗanda ba su da ikon zartar da kome, suna nan tsaye tun daga farkon wasa har ƙarshensa, suna gani, suna tuna abin da ya faru ga kakanni, suna auna abin da ke gabansu da ma'aunin al'ada da tsoron abin da ke sama da ɗan Adam. Kamar yadda aure ba ya ɗauruwa tsakanin waliyyi da wakilin ango su biyu a ɗaki sai da shaidu, haka abin da ya faru a kan dandamali ba ya zama al'amarin gari sai da waɗannan idanu.

Amma akwai wani wuri a cikin wasan Agamemnon, wanda Eskilus ya nuna a shekara ta 458 kafin Miladiyya, da ya cancanci a daɗe a kansa, saboda a nan ne mawallafin ya tona asirin shaidar da ba ta tare da aiki. Sarki Agamemnon ya komo daga yaƙin Taruwada bayan shekara goma, matarsa kuwa ta daɗe tana ƙulla masa sharri saboda 'yarta da ya yanka kafin ya tafi. 'Yan amshi dattawan birnin Argos ne, sun san akwai ɓaraka a gidan, sun yi ta zagaye maganar da habaici ba su fito fili ba. Wata baiwa mai suna Kasandara, wadda aka ba ganin abin da zai zo, ta tsaya a gabansu ta gaya musu ƙarara cewa za a zubar da jini, suka tausaya mata, suka kasa fahimta ko kuma suka ƙi. Da aka ji ƙarar sarki daga cikin gida ana saransa, sai ƙungiyar da tun farkon wasa take magana da murya ɗaya ta wargaje ta zama muryoyi 12, kowane dattijo ya faɗi baiti biyu: wannan ya ce a yi shela a tara mutanen gari, wancan ya ce a fasa ƙofa a shiga yanzu, wani ya ce magana ba ta ta da matacce, wani kuma ya ce bai kamata a yanke hukunci a kan ƙara kawai ba sai an tabbatar. Suna cikin wannan shawara ƙofa ta buɗe, ga matar tsaye a kan gawa biyu. Ban san wani wuri a cikin adabin duniya da ya siffanta majalisar da ke tattaunawa alhali ɓarna tana aukuwa ba kamar wannan, kuma lalle ne Atinawan da ke zaune suna kallo, waɗanda su da kansu suke taruwa su yanke al'amuran birninsu da ƙuri'a, sun gane cewa da su ake.

Haka nan Yurifidis, a cikin wasan Midiya na shekara ta 431 kafin Miladiyya, ya sa matan Korinti sun yi wa Midiya alkawarin rufa mata asiri saboda tausayin cin amanar da mijinta ya yi mata. Da ta ƙudurta kashe 'ya'yanta suka roƙe ta ta bari, da suka ji kukan yaran daga ciki suka tambayi juna ko su shiga, ba su kuwa shiga ba. Masu sharhi sukan ce ƙa'idar wasan ce ta hana su barin filinsu, kuma gaskiya ne. Sai dai mawallafi mai hikima yakan ɗauki ƙa'idar da ta ɗaure shi ya mai da ita tambaya ga lamirin mai kallo.

A wasannin barkwanci kuwa al'amarin ya sha bamban. Aristofanis yakan shirya ƙungiyarsa a siffar tsuntsaye, ko zanzaro, ko gizagizai, sannan a tsakiyar wasa 'yan wasa su fice, 'yan amshi su juyo su fuskanci masu kallo su yi musu magana kai tsaye da yawun mawallafi, su zargi shugabanni da sunayensu, su ba gari shawara kan yaƙi da sulhu. A nan amshi ya zama bakin da ke faɗa wa masu mulki abin da mutum guda zai ji tsoron faɗa.

Duk da wannan daraja, ƙungiyar ta yi ta raguwa. Arisɗo, a cikin littafinsa na fannin waƙa, wanda Matta bin Yunus ya fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na goma, Ibn Rushdi kuma ya yi masa sharhi a Andalus, ya yi hukunci cewa wajibi ne a ɗauki 'yan amshi a matsayin ɗaya daga cikin 'yan wasa, su zama gaɓa a jikin labari kamar yadda Sofokilis ke yi, ya kuma koka cewa tun daga wani mawallafi mai suna Agaton an shiga cusa waƙoƙin da ba su da alaƙa da abin da ake nunawa. Zuwa zamanin mawallafi Minanda, marubuta ba sa ma rubuta baitocin ƙungiya, sai su sa alama kawai cewa nan wurin waƙa ne. Dalilan suna da yawa, daga ciki har da tsadar ɗaukar nauyi da kuma fitowar ƙwararrun 'yan wasa waɗanda jama'a ke zuwa kallo don sunansu. Amma ba zai zama zato marar tushe ba idan aka lura cewa muryar jama'a ta dushe a kan dandamali a daidai lokacin da take dushewa a cikin mulkin birnin.

Sauran al'ummai kowace ta bi tata hanya. A Ingila, Shakisfiya ya taƙaita ƙungiyar ta koma mutum ɗaya a wasansa na Sarki Henri na Biyar, wajen 1599, wanda ke fitowa ya roƙi masu kallo su cika da tunaninsu abin da ƙaramin dandamali ya gaza nunawa na dawakai da runduna. A Japan, cikin wasan gargajiya da ake kira No, mawaƙa kamar takwas ne ke durƙushe a gefe cikin sahu biyu, kuma sau da yawa idan jarumi ya shiga rawa sai su karɓi maganarsa su ci gaba da rera ta kamar su ne shi. A Italiya, waƙar da ta fi shahara cikin wasan Nabuko na Berdi, wanda aka fara nunawa a Milan a 1842, ta bayin Bani Isra'ila ce da ke begen ƙasarsu a Babila, babu jarumi ko ɗaya a cikinta; Italiyawa suka riƙe ta tamkar taken ƙasa, har aka rera ta a 1901 ranar da aka raka gawar mawallafin zuwa makwancinta. A nan gida kuma, Wole Soyinka ya sa matan kasuwar Oyo, ƙarƙashin shugabarsu, su zama masu yabo da kuma masu hukunci a wasansa na 1975 game da barden sarkin da ya gaza cika alkawarin bin ubangidansa kabari.

Idan muka komo ƙasar Hausa, ya kamata a faɗa tun da wuri cewa amshinmu ba daga Yunan ya zo ba, kuma ba ya bukatar a nema masa nasaba da can kafin a girmama shi. Ɗabi'a ce ta 'yan Adam duk inda suka haɗu a kan aiki ɗaya: masu gayya a gona, da mata a bakin turmi, da masu daɓe, ɗaya ya bayar saura su karɓa, hannu ya sauka tare. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa ranar haƙa ramin Handaƙu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga Muhajirai da Ansaru suna aiki cikin sanyi da yunwa, ya faɗi baiti yana yi musu addu'a, su kuma suka amsa masa da baiti suna jaddada mubaya'arsu. Masu bege da masu zikiri da bandiri, da ɗaliban da ke karɓar Ishiriniya a daren Mauludi, duk a kan wannan tsari suke.

Inda fannin ya kai matuƙa a wurinmu shi ne wajen makaɗan fada na yammacin ƙasar Hausa, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru. Wanda ya kasa kunne da kyau ga waƙoƙinsu zai ji cewa 'yan amshi ba gindin waƙa kaɗai suke maimaitawa ba: jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake shi, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da jimloli masu tsawo waɗanda suka fi nasa yawa, wani lokaci su yi karɓeɓeniya, wannan sashe ya miƙa wa wancan, duk kuwa hannuwansu na kan kotso ko taushi ba tare da kiɗa ya karkace ba. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da zama na musamman, a shirya waƙa tare, a tace ta, a hardace ta kafin a kai ta gaban sarki, kuma a irin wannan zama ɗan amshi yana da bakin cewa wannan kalma ba ta zauna ba. Tsarin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, daban yake: shi yakan ƙaga baitocinsa nan take a gaban jama'a, mutanensa kuwa su riƙe amshi guda da kalangu. Amma ko wannan, da ake yi wa kallon sauƙi, shi ne ke ba shi sararin numfasawa ya nemo abin da zai faɗa gaba, shi ne kuma ke komo da waƙa kan turkenta duk nisan da ya yi yawo da ita. Da za su makara da ƙiftawar ido, ko su shigo kafin ya dire, da waƙar ta zube. Ɗanmaraya Jos, da yake shi kaɗai yake waƙa, kuntiginsa ya ɗora wa wannan aiki, yana tsayawa ya bar tsirkiya ta amsa masa, wanda ke nuna cewa ko mawaƙin da ba ya da ƙungiya bai wadatu daga amshi ba.

Akwai kuma fa'ida ta biyu wadda ba a cika ambata ba, ita ce amshi makaranta ne, kuma taska ce. Galibin manyan makaɗa a bayan wani suka fara tsayawa, Ɗanƙwairo kansa a ƙungiyar mahaifinsa da ta yayansa ya yi shekaru kafin ya ja tasa, kuma kafin zuwan faifai da rediyo babu inda waƙa take ajiye sai a ƙirjin waɗanda suka amsa ta sau ɗari. Malaman hadisi sun koya mana cewa matani ba ya tsayuwa sai da isnadi. To, isnadin waƙar baka su ne 'yan amshi, ta bakinsu sunayen sarakuna da jerin kakanninsu da labarin yaƙe-yaƙensu suka tsallako daga tsara zuwa tsara.

Wanda ke neman amshin da ke mayar da magana, irin na Yunanawa, ya dubi wasannin tashe da yara ke yi bayan goma ga watan azumi. A can za a ga yaro guda ya yi shigar tsoho, ko mai tallar magani, ko malamin da ya cika son abin duniya, yana faɗin nasa, sauran yara kuwa suna mayar masa, wani lokaci da tausayi, wani lokaci da tsiya da tonon silili, masu gida suna dariya alhali sun san halin wa ake nufi a unguwa. Haka 'yan mata a dandali wajen gaɗa, haka matan amada a cikin gida, irin su Barmani Coge ta Funtuwa, inda zabiya ke faɗin abin da ke cin zuciyar mata game da kishi da sana'a da halin maza, ƙungiya kuma ta amsa, ta yadda maganar ta tashi daga ta mace ɗaya ta zama ta kowa, ba wanda za a kama da laifinta. Wannan wasan kwaikwayo ne cikakke, da ɗan wasa da ƙungiya, tun kafin a buga littafin wasa na farko da Hausa.

Abin da ke damuna shi ne halin da ake ciki yau. A ɗakunan ɗaukar waƙa na zamani, sau da yawa murya ɗaya ake ɗauka ta rera amshi sau ɗaya, sannan a sa kwamfuta ta ninka ta, ta liƙa ta bayan kowane baiti. Sauti yana fita sumul, amma babu wanda ya saurari jagora, babu wanda zai ƙarasa masa magana ko ya gyara masa kalma, babu kuma yaron da ke tsaye a baya yana koyo. Marubutan wasanninmu da masu shirya fina-finai su ma ba su cika ba mutanen gari baki a cikin labari ba, sai dai a tara su a bayan jarumi su yi rawa. Ba na cewa a yar da na'ura, domin ta sauƙaƙa abubuwa da yawa, ta kuma kai waƙar Hausa inda ƙafar makaɗi ba ta taɓa zuwa ba. Ina dai kira ga masu rubuta wasa su koma su dubi tashe da gaɗa su ga abin da ke hannunsu, ina kuma kira ga gidajen rediyo da sassan Hausa na jami'o'inmu, na Nijeriya da na Nijar, su nemi tsofaffin da suka yi wa manyan makaɗa amshi, waɗanda kaɗan daga cikinsu ke raye, su ɗauki abin da suka hardace, su tambaye su yadda ake shirya waƙa, su kuma rubuta sunayensu tare da na iyayen gidansu a duk inda aka ajiye waɗannan waƙoƙi.